Kafin a Cire, Kafin a Dasa

 

Yau a kan haƙori za mu yi magana. Haƙori ɗaya tak, na tauna, na sama, can ciki ta wajen kunci. Irin wanda ya taɓa hana mutum barci, aka je asibiti, likita ya ce sai an kashe masa jijiya. Aka kashe, aka cike, aka biya kuɗi, ciwo ya lafa. Bayan wasu shekaru sai ga shi ya dawo. In an tauna nama sai a ji ya amsa. Wani ɗan ƙurji ya fito a dasashi, yana fashewa yana sake taruwa. Wani lokaci ma har hanci ɗaya ya toshe, ya ƙi buɗewa.

A irin wannan hali, abin da ke fara fitowa daga bakin mai ciwo shi ne, likita cire shi kawai in huta. Mai hali kuma ya ƙara da cewa, ai yanzu ana dasa sabo. To, ga maganar da nake so ku riƙe yau. A nemi dalili kafin a cire. A auna ƙashi kafin a dasa. Zan yi ta maimaita ta, domin duk abin da zan faɗa a kanta yake tsaye.

Bari mu fara da aikin kansa. Mene ne ake yi idan an ce an kashe jijiyar haƙori?

Haƙori ba dunƙulallen dutse ba ne. A tsakiyarsa akwai wani ɗan nama mai taushi, da jijiyar da ke jin zafi, da ƙananan jijiyoyin jini. Wannan nama ya bi ta wasu siraran hanyoyi har zuwa ƙarshen saiwa. Idan kogon haƙori ya yi zurfi, ƙwayoyin cuta sukan isa wurin. Naman ya kumbura, ya ruɓe. Aikin likita shi ne ya buɗe haƙorin, ya kwashe ruɓaɓɓen naman, ya wanke hanyoyin da magani, sannan ya toshe su tsaf da wani irin danƙo. Daga nan ya rufe saman da ciko mai ƙarfi, ko ya sa masa hula.

Abokin gaba a wannan aiki guda ɗaya ne, ƙwayar cuta. An tabbatar da haka tun 1965, a wani gwaji da Kakehashi da abokan aikinsa suka yi a Amurka. Sun huda haƙoran ɓeraye kashi biyu. Kashi na farko ɓeraye ne na yau da kullum. Kashi na biyu an rene su a wurin da babu ƙwayar cuta ko ɗaya. Na farkon haƙoransu suka ruɓe, suka tara mugunya. Na biyun suka warke, duk da an bar haƙoran a buɗe. Saboda haka idan aikin kashe jijiya ya lalace, galibi ma'anarsa ita ce ƙwayar cuta ta rage a ciki, ko kuwa ta sami ƙofar komawa.

To ta ina take raguwa, ta ina kuma take komawa? A nan nake so mu ɗan zauna, domin a nan amsar take.

Babban matauni na sama yawanci saiwa uku gare shi. Mutum zai ɗauka hanyoyi uku ne ke nan. Amma a yawancin mutane akwai ta huɗu, siririya ƙwarai, a ɓoye cikin saiwar da ke gaba ta ɓangaren kunci. Ido kawai ba ya cika ganinta. Sai da madubin ƙara girma, da haske mai kyau, da haƙuri. Idan aka wanke uku aka bar ta huɗu, an bar wa cuta mafaka. Za ta yi shiru wata da watanni, wata rana ta tashi. Wannan na daga cikin manyan dalilan da ke sa aikin ya lalace a wannan haƙori musamman.

Wani dalilin kuma daga wajenmu yake, mu marasa lafiya. Likita ya gama wanke hanyoyi, ya sa ciko na wucin gadi, ya ce a dawo a sa hula. Da ciwo ya tafi, sai ƙafa ta ɗauke. Kuɗin hular aka kai wani wuri. Cikon ya zaizaye, miyau ya riƙa shiga, cuta ta bi shi har ƙasa. Aikin da aka yi da kyau ya lalace ta sama. Na san hidimomi sun yi yawa, kuma aljihu ba ya tafiya daidai da buƙata. Amma wanda zai fara wannan aiki, ya lissafa da kuɗin hular tun farko, domin ita ce ƙarshen aikin.

Akwai kuma tsagewa. Haƙorin da aka raraka cikinsa ƙarfinsa ya ragu. A ci karo da tsakuwa a shinkafa, ko a fasa ƙashi da shi, sai saiwar ta tsage daga sama zuwa ƙasa. Wannan ita ce mafi muni.

Kun ga ke nan, ciwo iri ɗaya, dalilai daban-daban. Kuma kowane dalili da maganinsa. Shi ya sa na ce a nemi dalili kafin a cire.

Kafin in wuce, ga wata magana a kan kemis. Da yawanmu idan ƙurjin ya taso sai mu aika yaro ya sayo kafso. A sha kwana uku, kumburi ya sauka, a ce an warke. Jama'a, maganin da aka haɗiya ta jini yake tafiya. Cikin haƙorin da aka kashe wa jijiya kuwa babu jini. Maganin zai kai gefen saiwa, ya rage kumburi, amma ba zai shiga inda cutar ta yi gida ba. Kanumfari ma haka, yana sanyaya zafi na ɗan lokaci, ba ya kai wa ga tushen abin. Ana ta jinkiri, mugunyar tana ta cin ƙashin da ke riƙe da saiwar. Shi kuwa wannan ƙashi, za ku ji yadda za a neme shi ido rufe nan gaba.

Yanzu mu juya ga zaɓi. Idan likita ya duba, ya ɗauki hoto, me zai iya yi?

Zai iya sake aikin. Ya cire tsohon danƙon, ya nemo hanyar da aka tsallake, ya wanke, ya sake toshewa. Haƙora da yawa da aka yanke wa ƙauna da wannan aka cece su, kuma suna nan suna tauna. Idan ba za a iya shiga ta sama ba, akwai ƙaramar tiyata ta dasashi. A yanke ƙarshen saiwar da ya lalace, a kwashe mugunyar, a toshe ta ƙasa. Idan kuwa saiwar ta tsage, ko abin da ya rage na haƙorin ba zai riƙe hula ba, to a nan cirewa ta zama dole. Ba na kare haƙorin da ba shi da sauran amfani. Riƙe shi a baki cutarwa ce, domin kullum yana ƙara cin ƙashi. Abin da nake cewa shi ne, hoto da bincike su yanke hukunci, kada zafin dare ɗaya ya yanke.

Ni a ganina, haƙorin da Allah ya halicce ka da shi, in dai yana cetuwa, ya fi kowane na dashe. Tsakanin saiwarsa da ƙashi akwai wasu siraran zaruruwa. Su ke sa ka ji ɗan yashi a cikin tuwo kafin ka danna. Na dashe ba shi da su. Kuma idan aka sake aikin bai yi ba, ƙofar dashe tana nan a buɗe. Idan aka cire kuwa, shi ke nan, ba ya komawa.

To, yanzu mu hau sama kaɗan, zuwa abin da ya sa wannan haƙori ya bambanta da sauran.

Ɗora yatsarka a kuncinka, ƙasan ido, gefen hanci. A bayan wannan wuri, cikin ƙashi, akwai kogo mai iska, ɗaya dama ɗaya hagu. Likitoci na kiransa sainos. Wani likitan Ingila, Nathaniel Highmore, ya yi bayaninsa tun 1651. Cikin kogon an shimfiɗe shi da wani siririn tantani mai fitar da majina. Ƙofarsa ƙarama ce, tana can sama, tana buɗewa cikin hanci. Ƙasan kogon kuwa yana zaune ne daidai kan saiwoyin mataunan sama. A wasu mutane ƙashin da ke tsakani yana da ɗan kauri. A wasu kuma saiwar har ta turo cikin kogon, tantanin nan kaɗai ya raba su.

Wannan maƙwabtaka ita ke sa ciwon haƙori ya rikiɗe ya zama ciwon hanci. Mugunyar ƙarshen saiwa ta huda ta shiga kogon. Mutum ya riƙa jin nauyi a kunci ɗaya. Hanci ɗaya ya toshe. Majina mai kauri, mai wari, tana gangarowa maƙogwaro. In ya sunkuya, kamar a ruku'u ko sujada, nauyin ya ƙaru. Sai a ce ƙurar hunturu ce, ko sanyi ne. A yi ta shan maganin mura har damina ta faɗi, abu bai tafi ba. Ku lura da wannan alama da kyau, ɓangare ɗaya da wari. Mura ta gaske hanci biyu take kamawa. Idan ɗaya ne, kuma a wannan ɓangaren akwai haƙorin da aka taɓa yi wa aiki, a kai haƙorin a duba shi. Sau da yawa sai likitan haƙori da likitan kunne, hanci da maƙogwaro sun haɗa hannu kafin a rabu da ciwon.

Wannan maƙwabtakar ce kuma ta sa cire haƙorin nan ba aikin kowa ba ne. Idan aka fizge shi da ƙarfi, ana iya huda ƙasan kogon. Mutum ya kurkure baki, ruwa ya fito ta hanci. Ko guntun saiwa ya karye ya faɗa ciki. Ko a hannun ƙwararre hakan na iya faruwa, amma shi zai gane nan take, ya ɗinke wurin, ya faɗa maka abin da za ka kiyaye. Mai cire haƙori na bakin kasuwa ba shi da hoto, ba shi da zaren ɗinki. Don Allah, 'yan uwa, mataunin sama kada a kai shi can.

Mun nemi dalili, an ga babu makawa sai an cire. Yanzu sai rabin maganar na biyu. A auna ƙashi kafin a dasa.

Dashen haƙori daban yake da haƙorin Makka da muka sani, wanda ake lulluɓa wa haƙori. Wannan wani ɗan ƙarfe ne mai kama da kusa mai zare, na titaniyom, da ake murɗawa cikin ƙashin muƙamuƙi. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Branemark, shi ya lura a shekarun 1950 cewa ƙashin zomo ya manne da wannan ƙarfe har ya ƙi rabuwa da shi. A 1965 ya dasa wa mutum na farko a birnin Gothenburg, kuma mutumin ya rayu da dashensa kimanin shekara 40. Saboda haka aiki ne tabbatacce, ba gwaji ba. Sai dai duk ƙarfinsa daga ƙashi yake.

Duk mai kiwo ya san turke. In ka kafa shi a ƙasa mai zurfi, zai riƙe bijimi. In ƙasar ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba, kuma ƙarƙashinta rami ne, ko akuya ta ja sai ya tuge, ko ya zurma ciki. Haka dashe yake a bayan muƙamuƙin sama. Ƙashin wurin dama ya fi na ko'ina a baki taushi. Ga shi kuma bayan an cire haƙori yana raguwa ta fuska biyu. Ta wajen baki yana shanyewa, kuma mafi yawan shanyewar a watannin farko take faruwa, har faɗinsa kan iya raguwa da kusan rabi cikin shekara guda. Ta sama kuma kogon yana faɗaɗa, yana saukowa cikin gurbin da saiwa ta bari. Ƙara da abin da mugunya ta riga ta cinye a shekarun kafso.

Shi ya sa maganar dashe ake yin ta tun haƙorin yana baki. Idan likita ya san kana da niyyar dasawa, zai cire shi a hankali, saiwa bayan saiwa, don kada bangon ƙashin ya karye. Zai kankare mugunyar tas. Yana iya cika gurbin da garin ƙashi don rage shanyewa. Wanda ya cire yau, ya dawo bayan shekara biyar yana neman dashe, aikinsa ya fi tsawo, ya fi tsada.

Da me ake aunawa? Ƙaramin hoton da aka saba ɗauka a kujerar likita yana da amfani, amma shafe yake, ba ya nuna kauri. Akwai na'urar da ke zagaya kai, ta fitar da hoton muƙamuƙi ta kowace fuska, ana kiranta CBCT. Ita ke nuna tsayin ƙashi da faɗinsa, da lafiyar tantanin kogon, da ko ƙofarsa a buɗe take. Ita ce ma kan tona asirin hanyar nan ta huɗu da aka tsallake. Duk wanda zai dasa maka haƙori kusa da wannan kogo bai ga irin wannan hoto ba, ka tambaye shi da me ya auna.

Idan an auna aka ga ƙashi ya gaza, ba a yanke ƙauna ba. Akwai aikin ɗaga ƙasan kogon. Likitan Amurka Hilt Tatum ne ya fara shi a shekarun 1970, wasu likitoci biyu, Boyne da James, suka wallafa bayaninsa a 1980. Ana buɗe 'yar taga a gefen ƙashi ta cikin baki. A ɗaga tantanin sama a hankali, ba tare da an yaga shi ba. A zuba garin ƙashi a ƙarƙashinsa, a rufe. Cikin watanni jiki ya mai da shi ƙashi. A 1994 wani likita mai suna Summers ya kawo hanya mafi sauƙi, wadda ake tura ƙasan kogon ta ramin dashen kansa. Ita tana yiwuwa ne idan ƙashin da ya rage ya kai kamar milimita 5. Ƙasa da haka, yawanci sai ta taga. A yau ma akwai gajerun dashe da kan wadatar a wasu wurare ba tare da an taɓa kogon ba.

Garin ƙashin nan yana da asali iri-iri. Akwai na jikin mutum kansa, akwai na saniya, akwai na haɗi daga masana'anta. Wasu kayan aikin kuma daga alade ake samo su. Haƙƙinka ne ka tambayi wanne za a sa maka, kuma akwai madadi.

Aikin yana da haɗarinsa, kada a ɓoye muku. Abin da ya fi faruwa shi ne tantanin ya yage. Ƙaramar yagewa ana faci a ci gaba, babba kuwa sai a dakata a bar ta ta warke. Kuma ba a zuba garin ƙashi a ƙarƙashin kogon da ke da ciwo. Sai an fara warkar da kogon. Bayan aikin, likita zai hana ka fyace hanci da ƙarfi na mako biyu ko makamancin haka. Atishawa a yi ta baki buɗe. Wajen alwala ma, shaƙa ruwa da fyacewa sai a bi a hankali, ka tambaye shi yadda za ka yi.

Ba kowa dashe ya dace da shi nan take ba. Mai shan sigari, rauninsa ba ya saurin warkewa, kuma dashensa ya fi saurin lalacewa. Mai ciwon suga sai sugansa ya daidaita. Mai shan wasu magungunan ƙarfafa ƙashi, ko wanda aka taɓa gasa wa daji a kai ko wuya, lallai ya faɗa wa likita. Wanda dasashinsa ke zubar jini, a fara gyara dasashin, domin cutar da ta ci haƙorin asali tana cin ƙashin da ke kewaye da na dashe.

Wanda kuma ba shi da halin dashe, kada ya ji an bar shi a baya. Akwai haƙorin da ake ratayawa a kan maƙwabtansa biyu. Akwai na roba mai cirewa. Idan ma na can ƙurya ne, sauran kuma lafiya lau suke, mutane da yawa na cin abincinsu daidai ba tare da an mayar da komai ba.

Magana ta ƙarshe kafin in yi muku sallama, ga masu fita waje neman magani, Masar ko Indiya ko Dubai ko Turkiyya. Akwai ƙwararru a can, babu musu. Amma wannan aiki na watanni ne. A cire, a jira. A ƙara ƙashi, a jira. A dasa, a jira ƙashi ya kama, sannan a ɗora haƙori. Wani lokaci ana haɗa biyu a zama ɗaya, idan ƙashi ya ba da dama, wani lokaci kuwa abin kan kai shekara. Sauri ya haifi nawa. Wanda ya ce zai gama maka komai cikin mako guda don ka kama jirgi, ka tambaye shi wa zai duba ka idan kunci ya kumbura bayan ka dawo gida. Ka karɓo hotunanka, da sunan kamfanin dashen da lambarsa a rubuce, domin kowane kamfani da irin kayan ɗaurinsa. A gida kuma, manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Maiduguri suna da sashen haƙori. Ko ba a can za a yi aikin ba, wuri ne da za ka je ka ji ra'ayi na biyu.

To jama'a masu sauraro, iyayena da 'yan uwana, wanda duk ke da irin wannan haƙori a bakinsa, ya ajiye kafso ya nufi likita cikin makon nan. Ka tafi da tsohon hotonka in kana da shi. Ka tambaye shi me ya sa aikin farko ya lalace, kuma ko haƙorin zai cetu. In ya ce sai an cire, ka tambaye shi nawa ne ƙashin da ke tsakanin saiwar da kogon, kuma me ya shirya yi wa gurbin. A nemi dalili kafin a cire, a auna ƙashi kafin a dasa. Idan kuwa kumburi ya kai ido, ko zazzaɓi ya rufe ka, ko haɗiya ta yi wuya, ko baki ya ƙi buɗuwa, kada a jira gari ya waye, a tafi asibiti a daren. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.